Dajin da ke ƙarƙashin gona: yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka sauya tambaya

Makalar wannan mako a kan itatuwa ce, da kuma yadda mutane ke kallon matsala kafin su nemi maganinta.

Kowa ya san bikin dashen itatuwa. Damina na kankama sai manya su fito da manyan riguna, a miƙa musu shebur, a dasa, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Wanda ya koma wurin a tsakiyar bazara zai tarar da ramuka da busassun tsinke, in ya yi sa'a ya ga ɗaya ko biyu da akuya ba ta kai gare su ba. An shafe shekaru da dama ana yin haka daga Senegal har Sudan, an kashe kuɗi masu yawa, hamadar da ake gudu kuma ba ta fasa ba. Amma a kudancin Nijar, a jihohin Maraɗi da Damagaram, an samu ƙarin itatuwa da masu bincike suka ƙiyasta sun kai miliyan 200 a kan gonaki kimanin hekta miliyan 5, kuma mafi yawansu ba wanda ya dasa su. Tarihin yadda aka yi hakan ya cancanci mu tsaya a kansa, domin darasinsa ya wuce maganar noma.

Yadda aka fara kallon matsalar

A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji na Jami'ar Edinburgh mai suna E. P. Stebbing ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da rani ya yi tafiyar, lokacin da gonaki suke fayau, iskar hunturu na ɗibar ƙura. A 1935 ya wallafa rubutu yana gargaɗin cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar daji da za ta tare ta. Maganar ta tayar da hankalin hukumomin mulkin mallaka har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya zagaya kan iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai samu shaidar cewa yashi na tafiya kudu kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne ƙasa na lalacewa nan da can, gwargwadon yadda ake amfani da ita. Sai dai hoton da Stebbing ya zana ya fi rahoton kwamitin shiga zukata, saboda yana da sauƙin fahimta: ga abokin gaba daga arewa, sai a gina masa katanga.

Akwai wani hoto na biyu da ya zo tare da wannan, wato cewa manomi da makiyayi su ne maƙiyan itace. A kan wannan tunani Faransa ta fitar da dokar gandun daji ta watan Yuli 1935 a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta mayar da daji hannun hukuma, ta kuma jera wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. Bayan samun 'yancin kai a 1960 Nijar ta ci gaba a kan wannan turba, dokarta ta 1974 ba ta sauya asalin tsarin ba. Gawon da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum, a idon doka ba nasa ba ne. Idan ya sare reshe malamin daji na iya cinsa tara. Niyyar masu dokar ita ce kare itatuwa, amma abin da manomi ya koya daga gare ta daban ne: itace a gona jan magana ne, gara ka cire shi tun yana ƙarami kafin ya girma ya shiga lissafin hukuma.

A gefe guda kuma malaman gona na koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka share ƙal, babu kututture babu saiwa, domin garmar shanu ta wuce ba tare da cikas ba. Gyaɗa ce abin da ke kawo kuɗin haraji a Maraɗi da Damagaram, kamar yadda take a Kano, don haka aka yi ta faɗaɗa gonaki. Jama'a na ƙaruwa, saurar da ake bari ta huta tana raguwa. A hankali share gona ya zama abin alfahari. Wanda aka ga sabara da kalgo sun yi tsaye a gonarsa sai a ce raggo ne.

Fari da amsar da aka ba shi

Daga 1968 zuwa 1974 fari ya afka wa ƙasashen Sahel. Dabbobi suka mutu garke-garke, mutane suka bar ƙauyuka, waɗanda suka rage suka koma saran itace suna sayarwa don su sayi hatsi. Yunwar da yadda aka tafiyar da kayan agaji na cikin abubuwan da suka kai ga juyin mulkin Afrilu 1974, inda Seyni Kountche ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi kan kwararowar hamada. Kuɗin agaji suka shigo, kuma tambayar da kowa ke yi guda ce: ta yaya za mu dasa itatuwa da yawa cikin gaggawa?

Da zarar an yi tambayar a haka, amsarta ta riga ta fito. Ana buƙatar gandun renon dashe, da ledoji, da motocin ɗaukar ruwa, da wayar shinge, da masu gadi, da irin itatuwa masu saurin girma kamar dogonyaro da turare. Nijar ta mayar da ranar bikin 'yancin kanta, 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Ba za a ce duk aikin ya tashi a banza ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogonyaro don tare iska daga 1975, kuma sun kama, saboda ruwan ƙasa na kusa a wurin. Dogonyaron da muke zama a inuwarsa a garuruwa ma dasa shi aka yi. Amma a kan tudun jigawa, inda gero yake, mafi yawan dashen mutuwa yake yi. Ƙaramin dashe mai saiwa taƙi ɗaya ba ya jure wata takwas ba ruwa, ga gara, ga awaki, ga iska mai zafi. Gandun ƙauye da aka killace kuma ba na kowa ba ne, don haka ba wanda ke tashi da asuba ya duba shi. Kuma lokacin dashe shi ne lokacin noman farko, sa'ad da manomi ba shi da hannun da zai ba wani aiki.

Duk da haka, idan aikin ya gaza sai a ce kuɗi ne ba su isa ba, ko manoma ne ba su waye ba. Ba a cika komawa a binciki tambayar kanta ba.

Abin da aka gani a hanyar Maraɗi

A farkon shekarun 1980 wani matashi ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya karanci aikin gona, ya zo Maraɗi ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Aikin da aka ba shi shi ne wanda kowa ke yi, renon dashe da rarrabawa a ƙauyuka, kuma sakamakon da ya samu shi ne wanda kowa ke samu. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 yana jan tirela cike da dashe, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyi don motar ta iya ratsa yashi. A nan hankalinsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa yana ɗaukarsa ciyawar daji. Da ya matsa ya dubi ganyen sai ya gane cewa ganyen itace ne. Tohon kututturen wata bishiya ce da aka sare, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Da ya ɗaga kai sai ya ga irinsa birjik a gonakin da ke kewaye.

Kowane manomi ya san wannan toho, domin shi yake sarewa duk shekara a lokacin sassabe, ya tara ya ƙona. Ya san sabara, ya san kalgo, ya san geza da taramniya da magarya da aduwa. Abin da ya sauya a ranar shi ne matsayin tohon a cikin lissafi. A tsohuwar tambaya, shara ne da ake kawarwa kafin a yi aikin gaske. Da aka gane cewa saiwoyin na raye, sai tambayar ta koma: me ke hana itatuwan da ke nan tashi? Rinaudo ya kira abin dajin ƙarƙashin ƙasa.

Bambancin a aikace babba ne. Kututturen da ya shekara talatin yana da saiwa mai zurfi da ta riga ta kai ga laima, kuma tana da abincin da ta tara. Ba ya buƙatar ban ruwa, ba ya buƙatar leda, kuma irin ƙasar ne, ya saba da farinta. Matsalarsa ita ce yana fitar da tsirrai ashirin ko talatin a lokaci guda suna rabon ƙarfi, sannan a zo a sare su duka. Dabarar kuwa ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi kututturan da yake so a gonarsa. A kowanne ya bar tsirrai mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Ya rage rassan ƙasa na waɗanda ya bari, da wuƙa ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya riƙa dawowa yana gyarawa. Cikin shekara biyu zuwa uku abin da ke kwance kamar kurmi ya zama bishiyar da ta fi mutum tsawo. Abin da aka sare kuma ya zama itacen girki da abincin dabbobi tun daga shekarar farko. Sunan da aka ba dabarar da Hausa shi ne sassaben zamani, kuma sunan ya dace, domin bai ce wa manomi ya bar abin da ya sani ba, gyara kawai ya yi wa aikin da yake yi duk shekara.

Gane dabara daban, karɓarta daban

Mutane kaɗan ne suka yarda su gwada a shekarar farko, kuma sun sha dariya. Dalilan masu ƙi ba na wauta ba ne. Suna tsoron inuwa ta hana gero yi. Suna tsoron tsuntsaye su samu wurin sauka su cinye zangarniya. Akwai al'adar cewa bayan an kawar da amfanin gona, kowa na iya shiga kowace gona ya yi itace, don haka wanda ya reni bishiya ya rena wa wani. Wasu daga cikin waɗanda suka fara sun wayi gari an sare musu da dare. Sannan ga doka: ka wahala ka rena, ranar da ka zo sara a ce na gwamnati ne.

Sai ga farin 1984, wanda ya zo da yunwar da mutanen Nijar da dama ke kira El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hanyar hatsi da ta cin rani ta toshe. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka fara amincewa cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun jama'a. Ƙungiyar su Rinaudo na raba abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan ɗari, sai ta sa renon toho a cikin sharuɗɗan. Aka reni itatuwa kimanin dubu 500. Da yunwa ta wuce aka daina rabon abinci, kusan kashi biyu bisa uku na itatuwan aka sare su.

A ma'aunin masu ba da agaji wannan faɗuwa ce. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya yi aikin da wa'azi bai yi ba. Gani ya kori ji. Maƙwabta suka ga cewa geron wanda ya bar itatuwa bai ragu ba. Suka ga iskar farkon damina, wadda ke binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau biyu ko uku, ba ta yi masa ɓarna kamar nasu ba. Suka ga matarsa ba ta tafiya nesa neman itace, ba ta ƙona kara da kashin shanu, don haka karan da kashin suna zama a gona su zama taki. Suka ga yana da sanda da zai kai kasuwa idan rumbu ya yi ƙasa. Daga nan dabarar ta riƙa tafiya daga baki zuwa baki, a kasuwanni da wuraren biki, ba tare da motar wani shiri ba.

Masu shirin su ma sun sassauta. Da farko ana ba da adadin itatuwan da za a bari a kowace hekta. Daga baya aka bar wa manomi ya zaɓi iri da yawa da lokacin sara, gwargwadon ƙasarsa da buƙatarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani ya fi son kalgo saboda 'ya'yansa abincin dabbobi ne, wani magarya saboda yara da kasuwa, wata kuka saboda miya.

Tambaya ta uku: na wane ne?

Da an tsaya a kan sara da gyara kawai, da abin bai yi nisa ba. Babban cikas yana cikin mallaka. A yankin Maraɗi jami'an gandun daji sun yarda su sassauta, su bar manomi ya amfana da itacen da ya rena. Sannan siyasa ta taimaka ta hanyar da ba wanda ya tsara. Kountche ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa na 1991, tattalin arziki ya tsuke, ƙarfin hukuma a ƙauyuka ya ragu. Manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu tun kafin takarda ta faɗa. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka matso kusa da abin da ke faruwa a ƙasa, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya rena a gonarsa.

Ƙauyuka kuma suka samar da nasu tsari. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, an kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa da mata da Fulani makiyaya, suka yi dokokin sara da tarar wanda ya karya. Shigar da makiyaya ba ado ba ne. Su ne ke ratsa gonaki da rani, su ne ke buƙatar ganye da 'ya'yan itace, kuma dabbobinsu ne ke kawo taki da irin itatuwa a cikin kashinsu. Dokar da aka yi ba da su ba, da dare za a karya ta.

Damagaram da gawo

Kada a ɗauka labarin na Bature ɗaya ne. A Magariya da Matamaye da Mirriya, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma sun reni gawo a kan fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, mafi yawa ba tare da wani shiri ya zo musu ba. Sanin darajar gawo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Itace ne mai saɓa wa sauran: yana zubar da ganye idan damina ta sauka, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin da shuka ke buƙata. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Yana daga dangin wake da gyaɗa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau, kuma kowane yaron ƙauye ya san haka. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan ƙarni na 19 suka ɗora wa mai saran gawo. A kewayen Kano ma, binciken da Michael Mortimore ya shafe shekaru yana yi ya nuna cewa manoman karkarar da ta fi kowace cunkoso suna riƙe da itatuwan gonakinsu, suna sassabe rassa ba tare da kashe uwar ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya faru a shekarun 1980 ya fi kama da cire takunkumi daga kan ilimin da doka da koyarwar malaman gona suka danne.

Abin mamaki shi ne duniya ba ta lura ba sai bayan shekara ashirin. Rahotanni na ci gaba da cewa Nijar na rasa daji, domin masu ƙidaya gandun gwamnati suke dubawa, itacen gona ba ya cikin lissafinsu. Sai daga 2004 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na wannan zamani, suka kuma bi ƙauyuka da ƙafa. Suka tarar da wuraren da mutane suka ƙaru, itatuwa ma sun ƙaru ninki-ninki. Daga aikinsu aka samu ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, da kuma ƙarin hatsi kimanin tan dubu 500 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan shuka masu tara ruwa da taki.

Gaskiya ta buƙaci a faɗi iyakar abin. Ruwan sama ya ɗan dawo daga shekarun 1990, kuma ya taimaka. Amma ruwa kaɗai bai isa bayani ba, domin a hotunan da Tappan ya nuna na kan iyaka kudu da Damagaram, ɓangaren Nijar ya fi na Nijeriya itatuwa, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, kuma mutanen 'yan uwan juna ne. Sannan itatuwa ba su kawar da yunwa daga Nijar ba. An yi ƙarancin abinci mai tsanani a 2005, kuma Maraɗi na cikin wuraren da ya fi shafa, sai dai gidajen da ke da itace sun samu abin sayarwa da abin ba dabbobi. Inda aka tumɓuke saiwoyi da tarakta, ko ƙasa ta zama fako, dabarar ba ta aiki ita kaɗai. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina kuma ba shi da dalilin renon abin da ba zai ci ba.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu

A 1973 wasu malaman Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, Horst Rittel da Melvin Webber, suka yi rubutu kan irin matsalolin al'umma masu sarƙaƙiya, kamar talauci da tsarin birane. Jigon maganarsu shi ne cewa irin waɗannan matsaloli ba su da siffa guda da kowa ya yarda da ita, kuma yadda ka siffanta matsalar shi ke yanke irin maganin da za ka iya gani. Daga irin wannan tunani, da kuma aikin masu zayyana kayayyaki, aka gina hanyar da yau ake koya wa matasa a tarukan horo kan ƙirƙira: ka zauna da masu matsalar, ka sake duba tambayar, ka yi ƙaramin gwaji mai arha, ka gyara bisa abin da ka gani. Manoman Maraɗi ba su halarci irin wannan horo ba, amma duk matakan suna cikin tarihinsu. Tambayar ta tashi daga yadda za a tare Sahara, zuwa yadda za a dasa da yawa, zuwa me ke hana na ƙasa tashi, zuwa na wane ne idan ya tashi. Kowane sauyi ya fito da masu aiki daban da kayan aiki daban. Tambayar farko injiniya da kuɗin waje take nema. Ta ƙarshe manomi da wuƙarsa take nema, da mai gari, da wanda ke rubuta doka.

Tsohon hoton bai mutu ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda a farkon siffarsa layin itatuwa ne mai tsawon kusan kilomita 8,000 da faɗin kilomita 15 daga Senegal zuwa Jibuti, kusan abin da Stebbing ya nema a 1935. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a cikin yankin da aka shata, kimanin hekta miliyan 4 aka gyara daga miliyan 100 da ake buri kafin 2030. Wato abin da ƙasashe goma sha ɗaya suka yi a sama da shekara goma bai kai abin da manoman kudancin Nijar suka yi da gatari ba. Masu shirin sun koyi darasi, yanzu sun fi magana a kan gyaran gonaki da makiyaya wuri-wuri, kuma renon toho na cikin dabarun da suke ambata. Dabarar ta kai Humbo a Habasha da Talensi a arewacin Ghana, ta kuma kama.

A jihohinmu na kan iyaka, daga Sakkwato da Katsina zuwa Jigawa da Yobe, saiwoyin na nan a gonaki da yawa, kuma gawayi da itacen girki na ƙara tsada. Tambayoyin da ya kamata mu kai wa kansiloli da 'yan majalisa da sarakunanmu ba su da wuyar faɗa. Idan manomi ya reni gawo ko kalgo a gonarsa, dokar jiharsa ta ba shi ikon sara da sayarwa ba tare da tsoron tara ba? Idan wani ya sare masa da dare, gaban wa zai kai ƙara? A kasafin dashen itatuwa, nawa ake warewa don ƙidaya waɗanda suka rayu bayan shekara uku? Waɗanda ke da gona a cikinmu kuma, sassabe mai zuwa dama ce ta gwaji: a zaɓi kututture goma a gefe guda, a bar musu tsirrai uku-uku, a kwatanta da ɗaya gefen bayan damina biyu.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka ga wannan sauyi da idonsu, ko suka ji daga iyayensu, muna son jin yadda abin ya kasance a garuruwanku, musamman yadda aka sasanta da makiyaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka.